Jagorar karanta kalmar "wait" a tsofaffin jaridun Amurka

Ɗalibin tarihi ko mai fassara da ya buɗe jaridar Amurka ta shekarun 1850 zai yi ta cin karo da jimla mai irin wannan siffa: "A committee waited upon the Governor." Wanda ya koyi Turanci a makarantar zamani zai ce kwamiti ne ya zauna jiran Gwamna. Ba haka abin yake ba. Kwamitin ne ya tashi da ƙafarsa ya taka har ofishin Gwamna, aka yi masa iso, ya faɗi abin da ke tafe da shi. Idan aka fassara da "jira", an kifar da labarin gaba ɗaya: masu tafiya sun koma masu zama, Gwamnan da aka je wa ya koma wanda ya makara. Kuskuren yana da ciwo domin ba ya nuna kansa. Jimlar Hausar tana fita sumul, sai dai ba abin da ya faru take faɗa ba.

Jimlolin Turancin da ke ƙasa misalai ne da aka gina a kan salon jaridun lokacin don koyarwa, ba a ciro su daga wata jarida guda ba.

Mataki na 1: Riƙe asalin kalmar

Kalmar ta shigo Turanci daga tsohon Faransancin arewacin Faransa wajen shekara ta 1200, kuma ma'anarta ta farko ita ce tsaro da sa ido. 'Yar uwar "watch" ce da "wake". Ka kawo hoton bara a ranka, yana tsaye a gefen maigidansa, idonsa a kansa, yana sauraren a ce ya miƙo ruwa. Tsayuwar nan tasa jira ce, hidima ce, kuma ban-girma ce. Daga gare ta rassa uku suka fita: jiran lokaci, yi wa mutum hidima, da zuwa gaban babba don girmamawa. Turancin yau ya riƙe na farko da ƙarfi, ya bar na biyu a gidan abinci da kanti, na uku kuwa ya kusa ɓacewa. A jaridun ƙarni na 18 da na 19 duka ukun suna da rai, kuma na ukun ne ya cika shafukan siyasa.

Mataki na 2: Dubi abin da ke bin kalmar nan take

Kafin ka karanta jimlar har ƙarshe, tsaya a kan ƙaramar kalmar da ta biyo baya.

In ka ga "for", jira ne, babu wata tantama: jiran jirgin ruwa, jiran wasiƙa, jiran sakamakon zaɓe. Haka "await", wadda ba ta buƙatar wata kalma a tsakani. Ita ce masu rubuta kanun labarai suka fi so, domin ta fi gajarta a layi: fursuna yana jiran shari'a, gari yana jiran hukunci. Abu ɗaya za ka kula da shi a nan: wani lokaci abin ne ke jiran mutum, kamar a ce kyakkyawar tarba na jiran baƙo, ko mummunan ƙarshe na jiran mai laifi. A Hausa "an tanadar masa" ko "yana gabansa" sun fi dacewa.

In suna ya biyo kai tsaye ba tare da komai a tsakani ba, duba sunan. "Wait orders" jiran umarni ne, "wait his turn" jiran layi ya zo kansa. Amma "wait dinner" ko "wait supper" ba jiran abinci ba ne: jinkirta zuba abinci ne har wani ya iso. Matar gida ce ta ƙi sauke tukunya, ba mai yunwa ne ke zaune da cokali ba.

In kuwa ka ga "on" ko "upon", ajiye alƙalami. Nan aikin yake. A wancan zamani kalmomin biyu ma'anarsu ɗaya, sai dai "upon" ta fi kama da harshen hukuma.

Mataki na 3: Tambayi wa ya je wurin wa, kuma a wane sashen jarida

Tambayoyi uku suna warware mafi yawan jimlolin: wane ne ya yi aikin, wane ne aka yi wa, kuma mene ne ya biyo baya a jimlar.

Idan masu aikin tawaga ce, kwamiti ne, ko wakilai, wanda aka yi wa kuma mai muƙami ne, to ziyara ce ta hukuma. Majalisar Dokokin Amurka ta daɗe da al'adar naɗa kwamitin haɗin gwiwa a farkon kowane zama don ya je wurin Shugaban Ƙasa ya sanar da shi cewa adadin 'yan majalisa ya cika, a shirye suke su karɓi saƙonsa. Kalmar da takardun majalisa na ƙarni na 19 suke amfani da ita ga wannan tafiya ita ce "wait on", jaridu kuma suna kwafe ta yadda take. Haka lamarin tsayar da ɗan takara. A wancan lokaci ɗan takarar shugaban ƙasa ba ya halartar taron jam'iyya, sai a aika masa da mutane har gida. An tsayar da Abraham Lincoln a Shikago ranar 18 ga Mayu 1860, washegari tawaga ƙarƙashin George Ashmun, shugaban taron, ta isa gidansa a Springfield ta sanar da shi. Irin wannan tafiya ce ake rubutawa da "waited upon". Sai a 1932 Franklin Roosevelt ya karya al'adar, ya tafi taron da kansa ya karɓi takara. Saboda haka duk labarin takara kafin wannan shekara, ka sa rai za ka haɗu da kwamitin da ya je wurin ɗan takara.

Alamar da ba ta cika ƙarya ba ita ce aikatau na biyu a jimlar. In bayan kalmar aka ce "and presented", "and informed him", "and requested", "and demanded", to an riga an haɗu ido da ido. Ba a miƙa wa mutum takardar koke alhali ana zaune ana jiransa.

Alama ta biyu ita ce jimlar da aka juya, wanda aka yi wa abin ya zo gaba: "The Mayor was waited upon by a delegation." Wannan gini kusan bai taɓa nufin jira ba. Ko ziyara ce, ko hidima.

Daga shekarun 1860 zuwa 1880, lokacin da hira da manyan mutane ta zama sana'ar 'yan jarida, za ka ga wakilin jarida ma yana "waited upon" ɗan siyasa ko attajiri a otal ɗinsa. Ma'anar ita ce ya je ya same shi don hira.

A shafin talla kalmar ta ɗan kasuwa ce mai ladabi. Tela, likitan haƙori, mai gyaran agogo, mai koyar da kiɗa, duk suna alƙawarin za su "wait on" mata da maza a gidajensu. Za su zo har gida su yi aikin ke nan. Mai kanti kuma yana cewa yana da yara masu ladabi da za su "wait on customers", wato su saurari mai saye, su auna masa, su ɗaure masa kaya. Mai karɓar haraji ma yakan sanar da ranakun da zai zo gari kaza don ya saurari jama'a, da wannan kalma dai.

A labarin rasuwa ko rashin lafiya, jinya ce. 'Yar da ta "waited on" mahaifinta wata shida ba jiransa ta yi ba: ita ta ɗauke shi, ta kwantar, ta ba shi magani. A labarin biki daga jihohin Kudu, waɗanda suka "waited on" ango da amarya abokan ango ne da ƙawayen amarya, har akan kira su "waiters", kalmar da mai karatun yau zai ɗauka masu raba abinci ne. A ƙananan jaridun karkara kuma saurayin da ke "waiting on" wata budurwa zance yake zuwa, neman aurenta yake yi.

Akwai kuma shafukan da ke da nauyin karantawa. Jaridun zamanin bauta, irin su Virginia Gazette da aka fara bugawa a Williamsburg a 1736, suna ɗauke da tallan sayar da bayi da cigiyar waɗanda suka gudu. A can "waiting man" da "waiting maid" suna nufin bawa ko baiwar da ke hidimar jikin ubangida ko uwargida: shirya tufafi, aski, rakiya a tafiya, tsayuwa a teburi. A nan ya kamata mai fassara ya faɗi gaskiya, ya ce bawa mai hidimar cikin gida. In ya rubuta "ma'aikaci" ko "mai taimako" ya shafe bautar daga takardar, kuma wannan zalunci ne ga mutumin da ake cigiyarsa.

Mataki na 4: Gane inda ladabi yake rufe barazana

Wannan shi ne wurin da ya fi cancantar a dakata. Da yake kalmar tana da ƙamshin ban-girma, editoci sun yi amfani da ita wajen lulluɓe abin da ba ban-girma ba ne.

Na farko, ƙalubalen fito-na-fito da bindiga. Mutumin da ya ji an ci masa mutunci ba ya zuwa da kansa, yakan aiki aboki da wasiƙa. A rikicin manyan 'yan siyasa biyu, Aaron Burr da Alexander Hamilton, wanda ya ƙare da harbin Hamilton a Weehawken ta jihar New Jersey ranar 11 ga Yuli 1804, William Van Ness ne ke kai saƙon Burr, Nathaniel Pendleton kuma ke wakiltar Hamilton. Idan labari ya ce abokin wane ya "waited on" wane da wasiƙa bayan sa-in-sa, ka san neman janye magana ne, ko sa ranar haɗuwa.

Na biyu ya fi muni. A garuruwan haƙar zinariya na Yamma, kamar San Francisco inda aka kafa kwamitin 'yan sa-kai a 1851 da kuma 1856, da kuma jihohin Kudu kafin yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865 da bayansa, za ka ga jimla irin wannan: "He was waited upon by a committee of citizens and advised to leave town." A zahiri, wasu mutanen gari ne suka ziyarce shi suka ba shi shawara. A haƙiƙa, gungun mutane ne, sau da yawa da makamai, suka je ƙofarsa suka ba shi wa'adi ya bar gari ko ya ga abin da zai same shi. Waɗanda aka yi wa haka sun haɗa da masu adawa da bauta, malaman makarantun baƙaƙen fata, editoci, 'yan ƙwadago da baƙi 'yan Sin.

Abubuwa huɗu ne ke tona asirin irin wannan jimla: ba a faɗi sunayen 'yan kwamitin ba, an zo da dare, an ambaci wa'adi kamar awa 24 ko 48, kuma labarin ya ƙare da cewa mutumin ya hau jirgin ƙasa na gaba. In biyu daga ciki suka haɗu, kada ka rubuta "sun kai masa ziyara" kawai. Rubuta "sun je masa har gida sun ba shi wa'adi". In kana son mai karatu ya ga yadda jaridar ta sassauta abin, sai ka ƙara jimla ɗaya da ke bayyana cewa ita da kalmar girmamawa ta rubuta shi.

Mataki na 5: Kada ka wuce gona da iri, akwai inda jiran ne

Bayan duk wannan, "wait on" tana iya nufin jira tsantsa. Wannan amfani tsoho ne, ya fi ƙarfi a jihohin Kudu da na tsakiyar ƙasar Amurka, kuma masana harshe da dama suna danganta ƙarfinsa a can da baƙin da suka zo daga Sikotilan da arewacin Ailan. Littattafan koyar da rubutu na ƙarni na 20 sun yi ta sukarsa, amma bai mutu ba.

Za ka gane shi in abin da ya biyo ba mutum ba ne: jirgin ƙasa, ruwan sama, hukuncin kotu, farashin auduga. Babu mai kai wa ruwan sama gaisuwa. Za ka kuma gane shi in an ambaci tsawon lokaci tare da ƙorafi, kamar a ce an yi awa biyu ana "waiting on" alƙali. Ya fi fitowa a wasiƙun masu karatu, rahoton wakilan ƙauye, da maganar da aka ɗauko daga bakin mutane, fiye da sharhin edita a manyan birane.

Huɗubobin coci da jaridu ke bugawa suna da nasu salon. "Wait upon the Lord" daga fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1611 take, Ishaya 40:31, kuma ma'anarta dogara ga Ubangiji da sauraron ikonsa cikin haƙuri.

Sai kuma kalaman da suka daskare. "Lie in wait" kwanton ɓauna ne. "Watchful waiting" kuwa suna ne na manufa: Shugaba Woodrow Wilson ya furta shi a jawabinsa ga Majalisa ranar 2 ga Disamba 1913 game da Meziko, inda ya ƙi amincewa da gwamnatin Victoriano Huerta amma bai kai ga yaƙi ba tukuna. A watan Afrilu 1914 sojojin Amurka suka mamaye Veracruz, birnin bakin teku na Meziko, jaridun adawa kuma suka mai da kalmar abin gori. In ka gan ta bayan 1913, ko a labarin da bai shafi Meziko ba, akwai inuwar Wilson a kanta. "Zuba ido cikin shiri" ya kama ma'anar.

Mataki na 6: Shiga rumbun jaridu ka gani da idonka

Ƙamus yana ba da ma'ana, amma jaridar ce ke nuna wace ma'ana ta fi yawa a wace shekara. Wurin farawa shi ne Chronicling America, rumbun da Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya buɗe a 2007. Kyauta ne, yana da miliyoyin shafuka, kuma ya kai har 1963. Ga jaridun Yamma akwai California Digital Newspaper Collection, shi ma kyauta. Brooklyn Daily Eagle, wadda ta fito daga 1841 zuwa 1955, tana nan a intanet. Rumbun New York Times ya fara daga 1851 amma sai da kuɗi. Ga mai son ƙidaya bisa shekaru goma-goma akwai Corpus of Historical American English, tarin tsofaffin rubuce-rubucen Turancin Amurka a intanet, wanda ke bari a ware rubutun jarida daga na littattafai.

Kada ka rubuta kalmar ita kaɗai a akwatin bincike, domin shafuka za su yi maka ambaliya. Sa gajeren yanki tsakanin alamun zance, kuma ka nemi kowace siffa daban: "waited upon", "waited on", "wait upon", "waiting on", "was waited upon by". Sannan ka haɗa da kalmar da ke jawo ma'anar da kake nema: "committee" ko "delegation" don siyasa, "customers" don talla, "bride" don biki, "leave town" don barazana. Taƙaita bincike ga jiha ɗaya da shekara goma a kowane zagaye. In kana son kwatanta yanki da yanki, ɗauki jiha ɗaya daga Arewa maso Gabas, ɗaya daga Kudu, ɗaya daga Yamma.

Shafukan hotuna ne masu nauyi. Mai amfani da datar waya ya fara duba rubutun da na'ura ta ciro, sai in jimlar ta yi kama da abin da yake nema ya buɗe hoton.

Mataki na 7: Yi hattara da idon na'ura

Binciken ba a kan hoton jaridar yake gudana ba, a kan rubutun da manhaja ta karanto ne, kuma da yawan shafukan daga tsohon fim ɗin adana hotunan takardu (microfilm) aka ɗauko su, tawada ta dushe, takarda ta naɗe. Harafin t siriri yakan koma l, sai "waited" ta zama "wailed", kwamiti mai ziyara ya koma mai kururuwa. Harafin e yakan koma c, a sami "waitcd". Haruffan u da n suna musanya, "upon" ta zama "npon" ko "upou". In kalmar ta karye a ƙarshen layi, "wait" a sama "ed" a ƙasa, binciken yanki ba zai kamo ta ba. Jaridun kafin wajen 1800 kuma suna da dogon s mai kama da f, don haka "President" takan fito "Prefident". Maganin shi ne ka sake bincike da waɗannan gurɓatattun siffofi da gangan, kuma kada ka taɓa kwafe jimla zuwa aikinka ba tare da ka gan ta a hoton shafin ba.

Mataki na 8: Ƙidaya ba tare da ruɗin kai ba

Adadin da rumbu ke nunawa a sama na shafuka ne, ba na jimloli ba, kuma cike yake da maimaici. Dokar gidan waya ta 1792 ta ba editoci damar aika wa juna jaridu kyauta, suka riƙa yanko labarin juna suna bugawa. Daga 1846 Associated Press, ƙungiyar dillancin labarai, ta fara raba labari ɗaya ga jaridu da yawa. Daga shekarun 1860 kuma ƙananan jaridun mako-mako suka riƙa sayen takardar da aka riga aka buga gefe ɗaya a babban birni, su cika ɗayan gefen da labaran gida. Illar wannan biyu ce. Jimla ɗaya tana iya fitowa sau 40 ka ƙirga ta 40. Kuma jimlar da ka gani a jaridar Jojiya tana iya zama rubutun mutumin Shikago, ka yanke hukunci a kan Turancin Kudu da abin da ba nasu ba. Talla ma yakan zauna a shafi wata shida ba a canza shi ba.

Buɗe tebur mai gurbi bakwai: kwanan wata, sunan jarida, gari da jiha, lambar shafi, jimlar cikakkiya tare da ta gabanta da ta bayanta, sashen jarida, da ma'anar da ka ba ta. Ɗauki misali 20 zuwa 30 a kowace shekara goma a kowace jiha, kana tsallake sakamako huɗu kana ɗaukar na biyar, don kada idonka ya zaɓo masu daɗi kawai. Jimlar da ta maimaitu, riƙe mafi tsufa ka goge sauran. Duba saman labarin: in an rubuta sunan wani gari ko wata jarida, asalinsa can ne. Ka bar gurbi na musamman ga jimlolin da suka ƙi rarrabuwa. Za a samu, musamman inda ƙarami ya je ofishin babba aka kuma bar shi a zaure, ziyara da jira suka haɗu a zama ɗaya.

Mataki na 9: Zaɓi kalmar Hausa

Hausa ba ta da ƙarancin kalma a nan, domin al'adar zuwa gaban babba tana da sunayenta a wurinmu. Ga tawaga da shugaba: "sun kai masa ziyara", "sun je sun same shi", "sun gana da shi". In godiya ce ko taya murna, "sun kai gaisuwar ban-girma". In buƙata ce, "sun kai masa koke". "Caffa" da "mubaya'a" suna ɗauke da miƙa wuya, don haka ba su dace da 'yan majalisa da shugaban ƙasa ba, tunda su ba talakawansa ba ne. Ga kanti, "sauraron masu saye". Ga teburi, "kai abinci" ko "hidima". Ga majiyyaci, "jinya". Ga biki, "abokan ango" da "ƙawayen amarya". Ga saurayi, "yana neman ta" ko "yana zuwa zance wurinta".

Inda jiran ne na gaske ma akwai zaɓi. "Jira" ta kowa ce. "Dako" tana nuna an daɗe kuma an gaji, ta dace da masu jiran albashi ko jirgin da ya makara. "Dakata" tsayar da aiki ne na ɗan lokaci, kamar kasuwar da 'yan kasuwa suka janye hannu har su ga inda farashi zai nufa. "Zuba ido" kuma ta wanda ba shi da abin yi sai kallo, ko wanda ya zaɓi kada ya yi komai tukuna.

Kafin ka miƙa aikin, karanta sakin layin Hausar shi kaɗai, ba tare da Turancin a gabanka ba, ka bi kowane mutum a labarin: wa ya tashi daga inda yake, wa aka samu a wurinsa, me aka miƙa, me aka ce. In labarin ya nuna an yi magana ko an miƙa takarda alhali fassararka ta bar mutanen a zaune suna jira, koma kan ƙaramar kalmar da ta bi aikatau, ka sake duba hoton shafin.